Wata Uku a Shagon Awarar Tomie

Shekara arba'in da huɗu Kuwabara Tomie ta yi hannunta na cikin ruwan sanyi, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa jin ta yabi mutum. Idan awara ta yi kyau sai ta ce, "Za ta ciwu." Idan mijinta Katsuji ya tayar da injin markaɗen da ya ƙi tashi, sai ta ce ai da ma shi ya ɓata shi. Mutanen layin kasuwa sun saba, suna sayen awararta suna shan faɗanta, don a duk ƙaramin garin nan na lardin Tottori babu awarar da ta kama ƙafar tata.

Tana 'yar shekara ashirin da uku aka kawo ta gidan amarya, washegari uwar mijinta ta miƙa mata takalmin roba ta nuna mata randar jiƙa wake. Ɗa ɗaya suka haifa. Ya yi karatu, ya tafi Nagoya aikin kamfanin motoci, ya kuma faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa shi ba zai ƙare rayuwarsa yana warin ɗanyen wake ba. Da bayan Katsuji ya fara ciwo har ya daina iya ɗaga buhu, kowa a layin ya san kwanan shagon ya kusa ƙarewa. Ita ma Tomie ta sani, sai dai ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

A wannan tsakanin ne Malama Isogai ta shigo shagon. Ma'aikaciya ce a wani gidan marayu da ke bayan duwatsu, tafiyar awa ɗaya a mota, kuma aikinta shi ne yaran da suka cika sha takwas suka gama sakandare. A gidan nasu, da watan Maris ya ƙare gadon irin wannan yaro ya zama na wani. Don haka take bin shaguna da ƙananan masana'antu tana neman mai ba da aiki haɗe da wurin kwana, tunda yaran ba su da uban da zai buga hatimi ya tsaya musu a ba su hayar ɗaki.

"Shagon awara gare ni, Malama, ba gidan raino ba," in ji Tomie, ko ɗago kai ba ta yi daga yankan da take yi ba.

"Ba raino nake roƙo ba, Okami-san," Malama ta ce, ta kira ta da sunan girmamawar da ake kiran matar mai shago. "Aiki nake nema wa wata yarinyarmu, da ɗaki. Shugaban gidanmu zai tsaya mata, ni kuma duk wata zan leƙo."

"Iyayen nata yaushe suka mutu?"

"Suna nan da ransu."

Wuƙar ta tsaya cak. "Da ransu? To me take yi a gidan marayu?"

"Yawancin yaranmu haka suke."

Tomie ta saki baki tana kallon matar. Ita da ta yi shekara da shekaru tana wuce motar gidan nan a hanya tana cewa kaico marayu, ashe iyayen na can suna cin abincinsu suna barcinsu. Katsuji, wanda ke zaune kan kujera yana maƙale da bargo a ƙugu, ya yi gyaran murya ya ce ai ɗakin ɗansu na sama ba mai kwana ciki sai gizo-gizo.

"Kai tsoho, wa ya sa da kai?" Ta goge hannu. "Wata uku. Idan ba ta yi mini ba, ki zo ki kwashi abarki."

Ranar ɗaya ga Afrilu Ebisawa Kotone ta iso da kwali biyu ɗaure da igiya. Siririya ce, gashinta a yanke gajere, ta rusuna har sai da Tomie ta ji nauyi. Amma jin nauyin bai hana ta maimaita maganar a gaban yarinyar ba, wata uku ne, gwaji ne, ƙarshen Yuni za a san abin yi. Kotone ta ce to, ta fito da ɗan littafi ta rubuta ranar.

Daga nan Tomie ta shiga ganin abin mamaki kusan kullum. Ranar farko ta buɗe firji ta ga ƙwai guda an rubuta masa suna da alƙalami. Ta duba kofin ɗakin wanka, suna. Buroshin haƙori, suna. Safar da aka shanya, kowace ƙafa da nata sunan. Har takalmin robar da ta ba ta aro, kafin azahar ya sami suna a dunduniya.

"Ke Kotone, wa zai sace miki ƙwai a gidan nan? Ni ko wannan tsohon da ko haƙoran kirki babu?"

"Yi haƙuri, Okami-san. A can abin da ba suna na kowa ne."

Da yamma ta same ta tsaye a ƙofar ɗakin wanka rungume da tawul, ta fi rabin awa, tana jiran a ce mata layinta ya zo. Aka ce ta ɗora shinkafa, ta zuba ba wanki, don ita a dafe take ganin shinkafa tun da ta yi wayo, a tire ake turo ta daga kicin. Yarinya mai shekara sha takwas, da shaidar gama sakandare, ba ta taɓa riƙe makullin gida ba. Da Tomie ta ba ta na ƙofar baya sai ta karɓa da hannu biyu ta tambayi ƙarfe nawa ake mayarwa. Tomie ta yi sababi, ta yi mita, ta ce wace irin tarbiyya ce wannan, sannan ta koma ɗaki ta zauna jugum, don abin ya tsaya mata a rai.

Amma wajen aiki, sai dai a yi shiru. Sau ɗaya ake nuna wa Kotone abu. Cikin mako biyu ta san wake ya jiƙu da taɓawa kawai. A wata na biyu Tomie ta bar mata tacewa da danne akwatunan katako. Abin da ya fi wuya a sana'ar shi ne zuba ruwan ɗacin gishirin teku a cikin madarar wake mai zafi don ta kama. In ka yi gaggawa ta dunƙule, in ka yi jinkiri ta tsinke, ita kanta Tomie sai da ta shekara uku kafin uwar miji ta bari ta taɓa ludayin. Wata safiya cikin watan Yuni kafaɗarta ta riƙe, dole ta miƙa wa yarinyar. Awarar ta fito sumul. Tomie ta gutsura ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Za ta ciwu," ta ce.

Katsuji ya kwashe da dariya har bayansa ya amsa. "Kotone, je ki rubuta wannan a littafinki. Ni shekara arba'in nake jira."

Tun ranar Tomie ta yanke shawara yarinyar nan ba inda za ta. Ta ba mai rini aikin sabon ƙyallen ɗaurawa a ƙugu, shuɗi, da sunan shagon a jiki. Ta sa Katsuji ya cike takardar ɗauka aiki na dindindin ya buga hatimi. Ta ɓoye su duka a aljihun tebur, da nufin safiyar ɗaya ga Yuli ta ajiye mata su a gefen tukunya, ta gani da idonta, ba sai an yi dogon surutu ba. Sannan ta zauna tana tunanin wane alheri za ta ƙara, sai ta tuna abin da ita ta rasa. Shekara ashirin ta yi tana dafa abin da uwar mijinta ke so, ba a taɓa juyowa an ce ke fa, me ranki ke so ba. A wurin Tomie babu karamcin da ya kai wannan tambayar.

Don haka ana saura kwana biyu wata ya ƙare, suna wanke akwatuna, ta ce, "Jibi watanki uku ke cika. Me kike so ki ci?"

Buroshin ya suɓuce daga hannun Kotone ya faɗa ruwa. Ta tsamo shi, fuskarta ta yi fari fat.

"Komai ma, Okami-san."

"Babu abinci mai suna komai ma. Faɗi ɗaya."

Yarinyar ta daɗe tana kallon ruwan. "Soyayyar kaza."

"Shi ke nan? Ke ko son banza ba ki iya ba."

Ranar talatin ga wata Tomie ta rufe shago da wuri. Ta jiƙa kazar da citta da tafarnuwa, ta soya ta sau biyu, ta cika babban faranti. Kafin a zauna, tunda ruwan saman ya ɗan tsagaita, Katsuji ya ce a fito ya ɗauki hoto a ƙofar shago ƙarƙashin allon suna. Kotone ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, ta yi wani murmushi da bai kai ido ba. An shirya cewa shi maigida zai ɗan yi bayani a kan abinci, amma kofi biyu na giyar shinkafa suka kwance masa kai, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Kin yi ƙoƙari, 'yata. Kin yi ƙoƙari ƙwarai." Kotone ta cinye duk abin da aka zuba mata, ta wanke kwanuka, ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta kai goshi ƙasa ta gode musu bisa ɗawainiyar da suka yi da ita.

"Kai, wannan yarinya da tsari take," in ji Tomie. "Kaza ce fa kawai. Je ki kwanta."

Ƙarfe biyar saura, gari ya fara haske, Tomie ta sauko da ƙyallen da takardar a hannu. Ta tarar an tsame wake an ɗauraye, an wanke daɓe, an jera akwatuna da ƙyallayen tacewa kowanne a mazauninsa. Takalmin roba na gefen ƙofa a wanke, an kankare sunan da ke dunduniya har robar ta yi fari. Makullin ƙofar baya na kan tebur.

Ta hau sama da gudun da ta manta tana da shi. Shimfiɗa a naɗe, ɗaki a share, kwalaye babu. Abu na farko da ta yi, wanda har yau ba ta yafe wa kanta ba, shi ne ta sauko ta jawo akwatin kuɗin ciniki. Ba a taɓa komai ba. Kunya ta rufe ta ita kaɗai a cikin shagon, sannan haushi ya biyo baya, ta ɗauki waya ta kira Malama Isogai.

"Yarinyarki ta gudu! Jiya-jiyan nan muka yi mata gata, yau ta saka mana da wannan!"

"Okami-san, a hankali. Wani abu ya faru jiya? An yi mata faɗa?"

"Faɗa? Kaza na soya mata, faranti guda! Da bakina na tambaye ta abin da take so!"



"Kin tambaye ta abin da take so ta ci," Malama ta ce a hankali. "An ɗauke ta hoto?"

"A ƙofar shago. To sai me?"

"Wayyo, laifina ne, ni ya kamata in faɗa miki. Okami-san, a gidanmu abincin yara arba'in ake dafawa a tukunya ɗaya, jadawalin wata na manne a bango, ba a tambayar kowa. Sau ɗaya tak ake tambayar yaro abin da ransa ke so, ranar da zai yi kwanansa na ƙarshe. A dafa masa, a ɗauke shi hoto a ƙofar gida, da safe mota ta zo. Gidajen da ta zauna kafin namu ma haka suke yi. Sau uku aka yi wa Kotone wannan tambayar, tana shekara shida, tana sha ɗaya, sai ta watan Maris ɗin nan."

Tomie ta zauna daɓas a kan buhun wake. Kwana biyu ke nan yarinyar nan tana yawo a gabanta da wannan abu a ciki, tana tacewa, tana dannewa, tana cewa to. Ta zauna ta cinye kazar sallama tas don kada a ce ta raina. Ita kuwa Tomie tana ta ƙara mata a faranti tana jin daɗin kanta.

"Can wurinku za ta zo?"

"Ta san gadonta na da mai shi tun Afrilu. Ba ta ɗaukar wayata. Ga ni nan fitowa, amma awa guda ce."

Jirgin farko kuwa ƙarfe shida saura kwata yake tashi. Tun da aka kawo ta gidan nan Tomie ba ta taɓa barin jiƙaƙƙen wake ya jira ta ba, ko ranar da ta haihu sai da ta ga an markaɗa. Ta ƙwala wa Katsuji kira ta ce ya ji da shago ko ya bar shi, ta haye keken kai awara da takalmin roba, ta bi layin kasuwa cikin yayyafi tana taka shi kamar yarinya.

Kotone na zaune a bencin tasha ita kaɗai, kwali ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta lulluɓe su da leda saboda ruwa, ita kuwa kanta a jiƙe. Tana ganin Tomie ta miƙe ta rusuna.

"Na manta wani abu ban wanke ba, Okami-san?"

"Wanki? Ke, wanki ya fito da ni? Ina za ki?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Tikitin ina kika saya?"

"Ban saya ba. Na ce in jirgin ya zo zan gani."

"Wa ya kore ki? Faɗa mini, wa ya ce ki tafi?"

"Ba sai kin faɗa ba, ai na gane. Na ga ba kya son faɗin irin wannan maganar, shi ya sa na ce in sauƙaƙa miki. Ba komai fa, na saba. Kazar ta yi daɗi sosai."

Ba kuka take ba, ba fushi take ba, kuma wannan ne ya fi razana Tomie. Da zagi ta yi da Tomie ta san abin mayarwa. Ta laluba aljihu, ashe ƙyallen da takardar na can kan buhun wake ta baro su. Ba abin da za ta ajiye a gefen tukunya yarinyar ta gani da idonta. Daga ita sai bakinta, shi kuma bai taɓa yin wannan aikin ba.

"Saurara, sakarya," in ji Tomie. "Kazar nan ta murna ce. A gidan mutane in an tambaye ki abin da kike so, son ki ake yi. Hannunki ya fi nawa lokacin da nake kamarki, ya fi na wancan tsohon nesa ba kusa ba. An rubuta takardarki, an buga hatimi tun makon jiya. Ina so ki zauna. Kin ji? Ni nake so."

Ƙararrawar tasha ta kaɗa, jirgin ya shigo, taragu biyu kusan ba kowa. Ƙofa ta buɗe daidai inda suke tsaye. Kotone ta kalli ƙofar, ta kalli Tomie, sannan ta zaro ɗan littafinta daga aljihu.

"Har zuwa yaushe, Okami-san?"

"Wane irin har zuwa yaushe?"

"Ranar. Don in sani."

"Babu wata rana!"

"Ko'ina akwai rana," yarinyar ta ce, ba da tsiwa ba, kamar mai tuna wa babba abin da ya manta.

Tomie ta gane idan ba ta ba da amsar da za a iya riƙewa ba, yarinyar nan za ta sunkuya ta ɗauki kwalayenta ta shiga.

"Har in mutu. Ya isa?"

Kotone ta dube ta sama da ƙasa, da gaske take dubawa. "Shekarunki nawa?"

"Ji mini marar kunya! Sittin da bakwai. Kuma kada ki sa rai, uwata sai da ta kai tamanin da takwas tana faɗa da maƙwabta."

Ƙofar jirgin ta rufe, ya ja ya tafi, ba wadda ta waiwaya. Kotone na ƙirgawa da yatsu, leɓunanta na motsi. Da ta gama sai ta sake daga farko.

"Ashirin da ɗaya," ta ce, sai yanzu muryarta ta karye. "Ni ban taɓa wuce bakwai a wuri ɗaya ba."

Tomie ta sunkuya ta ɗauki kwalin da ya fi nauyi ta ɗora a bayan keke.